Harshen Koriya Da Kayan Da Ya Ke Tafe Da Su

Duk wanda ya shiga kasuwar Getso ran da ta ke ci, in ya ratsa 'yan hatsi ya wuce kara, ya ɓulla rumfunan masu cajin waya, zai tarad da samari sun yi cincirindo, kowa ya miƙa wayarsa a zuba masa fim. Da can na Indiya ne suka cika wurin. Yau kuwa na Koriya sun sami gindin zama, tun daga Jumong, wanda aka fara nunawa a can ƙasarsu cikin 2006, aka yi shi kashi 81, har zuwa sababbin da ba su ƙidayuwa. Iyaye da shugabannin makarantu a ƙasar Gwarzo da Kabo sun sha kawo kuka, sun ce yara sun haddace sunayen sarakunan wata ƙasa, ga su ba su iya jera sarakunan Kano biyar ba. Kukan nan yana da hujja. Amma hana kallo ba ya yiwuwa, gama wayar na cikin aljihun yaro, kuma kallo kaɗai ba ya ƙara masa kome sai 'yan kalmomin da ya ke kwaikwayo bai san inda a ke ajiye su ba. Abin da na ke so in nuna wa malamai da akawuna shi ne yadda al'amarin ya ke zama in an sami malami a tsakani.

Akwai wani malamin firamare a ƙasar Getso, saurayi ne, wanda sha'awar kallon nan ta kai shi ga neman harshen. Ta intanet ya gamu da wani dattijo mutumin Koriya ta Kudu, tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki. Suka yi ciniki irin na ba ni gishiri in ba ka manda: rabin sa'a dattijon ya koya masa harshen Koriya, rabin sa'a shi kuma ya gyara wa dattijon Turancinsa. Sau biyu a mako su ke haɗuwa, bayan sallar Asuba, domin agogon Koriya ya riga namu da sa'a takwas, watau ƙarfe shida na safe a nan ya yi daidai da ƙarfe biyu na rana a can. Na sami ganin littafin da ya ke rubuta darussan, na kuwa zauna da shi mun tattauna, daga nan na ɗebo abin da zan faɗa.

Tambayar farko da dattijon ya yi masa, tun kafin ya koya masa gaisuwa, ita ce shekarunsa nawa. Malamin ya ga abin kamar shisshigi ne. Ashe a harshen Koriya ba ka iya ƙarasa jimla sai ka san matsayin wanda ka ke magana da shi, saboda aikatau a ƙarshe ya ke zuwa, kuma wutsiyarsa tana sakewa gwargwadon girman mai sauraro. Har kalmomin ma su kan sake. Abincin da yaro zai ci sunansa bap, wanda kakansa zai ci kuwa jinji ne. Gidanka jip, gidan babba tek. Bahaushe ba zai yi mamaki ba ƙwarai, tun da ya ke mu ma mu kan ce wa dattijo ɗaya tak «ku», kuma akuya ta kan mutu, mutum ya rasu, malami ya yi wafati. Sai dai mu ladabi ne, wanda ya bari a ce ba shi da tarbiyya, su kuwa nahawu ne, wanda ya bari ya yi kuskuren harshe da na hali gaba ɗaya. Inda mu ke cewa «yaya» mu gama, su kalma huɗu gare su: namiji ya ce wa wansa hyong, yarsa nuna, mace ta ce wa wanta oppa, yarta onni. Wannan oppa da 'yammata su ke ji a fim su ke maimaitawa, saurayi ba ya faɗinta ko kusa, in ya faɗa dariya za a yi masa.

Daga nan fa tarihi ya shigo, gama malamin ya tambayi mafarin wannan tsari. Dattijon ya ce sai an koma 1392, sa'ad da aka kafa daular Joson, wadda ta ɗauki koyarwar Konfushiyas, masanin ƙasar Sin, ta mai da ita tushen mulki: ɗa ya bi uba, ƙane ya bi wa, talaka ya bi sarki. Akawuna za su so su ji cewa a daular nan ba a samun aikin hukuma mai daraja sai an ci wata jarrabawa mai wuya ta rubutun Sinanci, wadda aka fara tun 958 a daular da ta gabata, ba a soke ta ba sai 1894. Ita daular da ta gabata, Goryo, daga sunanta aka sami kalmar Koriya, kuma littattafan tarihinsu sun rubuta zuwan fatake Musulmi cikinta a 1024. Shi Jumong ɗin da samari su ke kallo, a labarin gargajiya shi ya kafa daular Goguryo shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa, amma yawancin abin da ke cikin fim ɗin ƙari ne na masu wasa, kamar yadda mai ba da labarin Bayajida ya kan ƙara gishiri.

Sarki Sejong Da Baƙaƙensa

Cikin mako biyu malamin ya iya karanta rubutun Koriya, ko da ya ke bai san ma'anar abin da ya ke karantawa ba tukuna. Wannan ba hazaƙarsa kaɗai ba ce, haka aka gina rubutun. Sarki Sejong, wanda ya yi mulki daga 1418 zuwa 1450, watau zamanin Sarkin Kano Dauda da Abdullahi Burja, ya ga talakawansa suna magana da harshensu amma ba su iya rubuta ko ƙararsu, domin rubutun Sinanci sai mutum ya haddace dubban alamomi, kuma manomi ba shi da wannan sarari. Sai ya ƙago baƙaƙe 28 cikin 1443, aka shelanta su cikin 1446. Yau 24 a ke aiki da su, baƙi 14 da wasali 10, sunansu Hangul. An zana baƙaƙen ne bisa siffar gaɓar da ke furta su: na «m» murabba'i ne kamar rufaffen baki, na «n» kamar harshe ya taɓo dasashi, na «s» kamar haƙori. Wasulan kuwa daga abu uku aka haɗa su, ɗigo a madadin sama, layi kwance a madadin ƙasa, layi tsaye a madadin mutum. Sa'an nan a tara baƙi da wasali cikin ɗaki guda, kowane ɗaki gaɓa ɗaya.

Kada a zaci an karɓe shi hannu bibbiyu. Cikin 1444 wani babban malamin fada, Coe Malli, da abokansa suka kai wa Sarki takardar ƙin yarda, suna ganin barin rubutun Sin ƙasƙanci ne. Masu ilmi suka raina shi, suka bar wa mata da talakawa. Wani sarki ma ya hana shi cikin 1504 don an yi amfani da shi an rubuta takardun zaginsa an manna a gari. Bai shiga takardun hukuma sosai ba sai 1894, bayan shekara 448.

A nan ne malaminmu ya sami abin faɗi, ya ba dattijon labarin Ajami, yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka ga Larabci ya tsaya ga malamai, suka yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa don mata da mutanen ƙauye su ji. Niyyar ɗaya ce da ta Sejong. Bambancin shi ne mu aro muka yi har sau biyu, daga Larabawa da daga Turawa, kuma rigar aro ba ta rufe katara. Sai cikin shekarun 1930 aka sa wa Boko ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, har yau kuwa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo su ke fitowa da kama ɗaya a takarda. Duk da haka Boko ba shi da wuyar da za ta hana yaro karatu cikin zango ɗaya, in da Hausa aka fara masa. Sa'ad da Koriya ta sami 'yanci cikin 1945, wajen kashi 78 cikin ɗari na manyanta ba su iya karatu ba. Daga 1954 zuwa 1958 suka yi gangamin koyar da manya a lokacin da manoma ba su da aiki, daidai shekarun da a ke Yaƙi da Jahilci a nan Arewa. Su sun ɗore har suka gama. Ranar 9 ga Oktoba hutu ne a Koriya ta Kudu don tunawa da baƙaƙen nan, kuma ranar malamai a can ita ce 15 ga Mayu, ranar haihuwar Sejong.

Kalanda Ta Zama Littafin Tarihi

Dabarar dattijon da ta fi burge ni ita ce bai bi littafi babi babi ba, kalanda ya bi. Duk bikin da ya gabato shi ne darasin makon, da kalmominsa da abincinsa da dalilinsa.

Bikin farko Sollal ne, sabuwar shekara ta lissafin wata, wadda ta kan faɗo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Malamin ya tambaya, in da wata a ke lissafi, don me ba ta zagaya shekara kamar Sallah? Amsa ita ce su kan cusa wata na goma sha uku bayan shekara biyu ko uku, domin watanni su tsaya kan lokutan noma, mu kuwa shekarar Hijira ba a yi mata ƙari, saboda haka ta ke ja baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Kwana uku a ke hutu. Wajen rabin mutanen ƙasar a Seoul da kewayenta su ke zaune, saboda haka hanyoyi su kan cushe da masu komawa garuruwan iyayensu, kamar dai tashar mota a jajibirin Sallah sa'ad da 'yan ci-rani su ke dawowa daga Ikko da Fatakwal. Da safe a sa tufafin gargajiya, yara su sunkuya har ƙasa su gai da manya, gaisuwar da a ke kira sebe, manya su sa musu albarka su ba su kuɗi, goron Sallah ke nan. A sha romo da yankakken wainar shinkafa, tokguk, a ce wanda ya sha ya ƙara shekara. Da can haka lissafin shekarunsu ya ke, jariri a ba shi shekara ɗaya ran da aka haife shi, kowa kuma ya ƙara ɗaya da shigowar shekara, sai cikin Yuni 2023 doka ta mai da hukuma ga lissafin ranar haihuwa.

Bikin da ya kai wannan girma, sai ga shi bai zama hutun kwana uku da sunansa na asali ba sai 1989. Dalilin haka ya kai su ga darasin Japan. Shekara bakwai bayan Turawa sun ci Kano, watau cikin 1910, Japan ta haɗiye Koriya. Ran 1 ga Maris 1919 mutum 33 suka sa hannu a takardar neman 'yanci, jama'a suka fito ko'ina, aka murƙushe su da bindiga, yau ranar hutu ce. Da tafiya ta yi nisa aka fid da harshen Koriya daga makarantu, daga 1940 kuma aka matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa. Cikin 1942 aka kama malaman da ke haɗa ƙamus na harshen Koriya, aka ƙwace takardunsu, biyu daga cikinsu suka rasu a kurkuku. Bayan Japan ta faɗi ran 15 ga Agusta 1945, sai aka tsinci takardun a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul, aka ci gaba da aikin, aka buga ƙamus ɗin juzu'i shida daga 1947 zuwa 1957. Mu namu mulkin mallakan ya sha bamban, don Ingilishi sun ga amfanin Hausa wajen mulki, har da kuɗin gwamnati aka yi ƙamus na Bargery da ya fito cikin 1934. Watakila shi ya sa ba mu ɗauki harshenmu abin da a ke iya rasawa ba.

Bikin kaka kuwa sunansa Cusok, a rubutun Turawa za ku ga Chuseok. Ya kan zo daren sha biyar ga watansu na takwas, cikin Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin da gero ya nuna a ƙasar Gwarzo yara suna gasa tumu. A kan yi wainar sabuwar shinkafa mai siffar rabin wata, a turara ta bisa ganyen wani itace mai ƙanshi, a je a share kaburburan iyaye, a da kuma a kan yi kokawa a kan rairayi, wanda ya ka da kowa a ba shi bijimi. Dattijon ya koya masa wata kalma da ke nufin «tudun sha'ir», watau kwanakin bazara da shinkafar bara ta ƙare sha'ir bai nuna ba, waɗanda talakawansu su ke hawa da yunwa har cikin shekarun 1960. Malamin ya ce wannan ai marka ce, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai shigo ba. Suna da aikin gayya na noma. Suna da miyar waken soya da a ke ruɓarwa, mai warin da baƙo ya kan toshe hanci ɗan gida ya haɗiyi yawu, ba sai na gaya wa mai cin daddawa ba. Har ƙirga ma iri biyu gare su, na gida da na aron Sinanci, kamar yadda mu ke da ɗaya zuwa goma namu, ashirin da talatin na Larabawa, muka bar hauya da gomiya uku a bakin tsofaffi.

To, a nan ne dattijon ya juya tambaya. Ya ce shi ya faɗi nasu, saura malamin ya gaya masa da harshen Koriya, jimla biyar, irin bikin da mutanen Getso su ke yi in an gama girbi. Malamin ya ambaci kalankuwa da dambe da kokawa, amma da aka tambaye shi yadda a ke shirya kalankuwar, da waɗanda a ke naɗawa cikinta, da dalilin da ya sa ta ja baya, sai ya yi shiru. Aka tambaye shi wanda ya kafa garinsu, nan ma shiru. Kalmomin Koriya yana da su, labarin ne babu. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, gama yana cikin yaran da suka yi makaranta bayan an cire darasin Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka yi fiye da shekara goma kafin a maido shi. Irinsu ne yanzu su ke riƙe da alli. Abin da ya yi ya dace a yi koyi da shi: ya sa 'yan aji biyar kowa ya je wurin kakarsa ko kakansa ya rubuto da Hausa abin da a ke yi a kowane lokaci na shekara, daga sharar gona zuwa ɗaurin dami, da wasanni da abincin kowane lokaci, da Tashe da Cika-ciki da Takutaha. Suka haɗa suka manna a bangon aji. Darasin Hausa ne, na Tarihi ne, na rubutu ne, bai ci kwabo ba sai takarda.

Akwai wurin da ya kamata a yi magana a fili. A safiyar Sollal da Cusok gidaje da yawa su kan jera abinci a tebur su sunkuya wa kakannin da suka mutu. Musulmi ba ya yin wannan, kuma malamin ya faɗa wa dattijon haka, ya ce mu addu'a mu ke yi wa mamatanmu da sadaka. Dattijon bai ji haushi ba, ya ce a cikinsu ma an yi wannan gardama, har an kashe wani Kirista cikin 1791 don ya ƙi yin al'adar, yau kuwa Kiristoci da yawa addu'a su ke yi a madadinta. Sanin abin da mutane su ke yi dabam, aikata shi dabam, kuma malami na ƙwarai shi ne mai nuna wa almajiri iyakar nan. Yaron da ya gani a fim shi kaɗai ba shi da mai nuna masa. Akwai Musulmi a ƙasar, ko da ya ke kaɗan ne. Sojojin Turkiyya da suka je yaƙi ne suka sake kai addinin cikin shekarun 1950, aka buɗe babban masallacin Seoul cikin 1976.

Yaƙin nan shi ne darasin da dattijon ya fi jinkirtawa. Da Japan ta fita, Rasha da Amurka suka raba ƙasar biyu. Ran 25 ga Yuni 1950 Arewa ta auka wa Kudu, ƙasashe da yawa suka shiga, har Sarkin Habasha Haile Selassie ya aika da bataliya. Mutane fiye da miliyan biyu suka hallaka. Ran 27 ga Yuli 1953 aka sa hannu a tsagaita wuta, ba a ƙulla sulhu ba har yau. Uban dattijon daga Arewa ya gudo, ya bar iyayensa da niyyar komawa bayan 'yan makonni, ya mutu bai sake jin ɗuriyarsu ba. Cikin 1983 gidan talabijin na KBS ya yi kwana 138 yana nuna fuskokin masu cigiyar danginsu, aka haɗa iyali fiye da dubu goma. Waɗanda nasu su ke hayin iyaka kuwa sai ɗan taron da gwamnatocin biyu su kan shirya jefi jefi, na ƙarshe cikin Agusta 2018. Saboda haka ran Cusok, sa'ad da kowa ya tafi garinsu, su kan je wani wuri kusa da iyaka, Imjingak, su fuskanci arewa su yi gaisuwarsu. Mu ma Turawa sun ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, amma ko an rufe iyaka mutum ya kan buga waya ya ji lafiyar gwaggonsa. Su babu waya, babu wasiƙa.

Wanda ya ke son bin wannan hanya, ƙofofin suna nan. Nijeriya da Koriya ta Kudu sun ƙulla zumunci cikin 1980, kuma cikin 2010 aka buɗe Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, inda a ke koyar da harshen. Abuja ta yi wa malamin ƙauye nisa, amma cibiyar koyar da harshe mai sunan Sarki Sejong tana da darussa kyauta a intanet, sai dai kuɗin data da na caji, waɗanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashin firamare. Akwai jarrabawar ƙwarewa, TOPIK, mai mataki shida. Gwamnatinsu kuma tana ba da gurbin karatu a jami'o'insu kowace shekara ta hannun ofishin jakadancinta, wanda ya samu ya kan yi shekara guda yana koyon harshen zalla, ba ya shiga ajin digiri sai ya kai mataki na uku.